Yadda muka bi maganar hatsin cocinmu tun daga ƙauye har gaban Acidikin

Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu bi da ke ƙananan majami'u na karkara, musamman mu 'yan Anglikan na ƙauyukan Kano da Jigawa, don na lura in matsala ta taso a coci abu biyu kawai muka iya, ko dai a yi gum ana ta gunaguni a gindin bishiya har mutane su fara janye jiki daga sujada, ko kuma a tashi da zafin kai a ce sai gaban Bishop. Alhali ikkilisiyarmu tana da tsari, mataki-mataki ne, kawai ba a koya mana shi ba. Ni ne sakataren kwamitin cocinmu, a wani ƙauye a kudancin Kano, kuma zan faɗi yadda muka bi tamu maganar ba tare da kiran sunan kowa ba, don duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu kuma tare muke sujada.

Cocinmu reshe ne, ba mu da limami namu na kanmu. Malam mai bishara ne yake zaune da mu, shi ke bi da sujadar Lahadi da addu'ar safe, Baba Bika kuma, wato limamin da ke riƙe da mu da sauran rassa, yana can hedikwatar farish, inda babban cocinmu yake, yakan zo a babur in za a yi Jibin Ubangiji ko baftisma ko ɗaurin aure. Kuɗin baiko a gurinmu ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙarfinmu yana gun godiyar kaka, nan ne kowa ke kawo dawa da masara da wake gwargwadon abin da Allah ya hore masa, wani dami wani tiya biyar wani buhu guda. A shekarar da nake magana, bayan an sussuke an auna, buhu 23 na rubuta a littafi da hannuna. Kwamiti ya yanke a ajiye har damina ta yi nisa hatsi ya yi daraja, a sayar, a cire abin da za mu tura farish na kason da ake kai wa dayosis, wato yankin da Bishop ke shugabanta, sauran a sayi kwano don rufinmu yoyo yake yi. Makullin sito kuma yana hannun ma'ajinmu, dattijo ne, yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin cocin da ƙafarsu, kuma ni baffana ne, ƙanin mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Da lokacin sayarwa ya yi muka buɗe sito da mai awo, buhu 14 muka tarar. In ka lissafa buhu a kan tiya 40 za ka gane ba ƙaramin abu ne ya yi ɓatan dabo ba a ƙauye irin namu.

Kafin yamma magana ta zaga gari. Matasa sun fusata, wasu sun ce a sa a Facebook, wasu sun ce a kai gurin dagaci, wani ma ya ambaci 'yan sanda. Ni kuwa zuciyata ta kasu biyu, ga amanar ikkilisiya a wuyana, ga mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Malam ne ya kira ni gefe ya buɗe min Matiyu sura 18 daga aya 15 zuwa 17, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka fara samunsa kai da shi, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai daga baya a kai ga ikkilisiya. Ya ce nan ne matakin farko, kuma ko ka je gaban wa a Anglikan tambayar farko da za a yi maka ke nan, kun zauna da shi? Da daddare na je gidan, na cire takalmi a bakin zaure, na durƙusa na gaishe shi, muka yi maganar gona da ruwan sama tukunna. Sannan na ce, Baffa, ni ɗanka ne, ba tuhuma ta kawo ni ba, littafi ne a hannuna kuma za a tambaye ni, ina so in san abin da zan faɗa. Ya daɗe yana murza hularsa a kan gwiwa bai ce komai ba. Daga baya ya ce bai ci ko tiya ɗaya ba, rance ya bayar, mutane ne suka dinga zuwa da daddare da watan Yuli ya kama abinci ya ƙare a gidaje, har da gwauruwa mai yara shida, har da maƙwabcinmu Musulmi da ya yi jinyar matarsa, shi kuma bai iya kallon yunwa ga hatsi a kulle ba. Na ce an rubuta? Ya nuna ƙirjinsa ya ce duk suna nan.

Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Amma hatsin ba nasa ba ne, kuma kwamiti bai ba shi izini ba, dole maganar ta wuce zauren. Mataki na biyu shi ne kwamitin cocinmu, Malam ne ya shugabanci zaman bayan sujada. Gaskiya zaman bai yi armashi ba, don a ƙauye kowa dangin kowa ne, wannan surukinsa ne wancan ya ci rancen shi ma, sai aka yi ta kewaye-kewaye, shugaban matasa kuma ya ɗaga murya ya kira Baffa da sunan da bai kamata ba, Baffa ya tashi ya fita. A nan ne na gane abin da da yawanmu ba mu sani ba, kwamitin reshe ba shi da ikon yanke hukunci a kan dukiyar ikkilisiya ko cire mai muƙami, Malam ma ba shi da shi. Ikon yana gun Bika da majalisar farish, wadda ake kira PCC. Abin da kawai za mu iya shi ne mu rubuta abin da ya faru a littafin minit mu aika gaba.

Takardar ita ce ta fi ɗaukar min lokaci, kuma ina roƙon duk wanda zai rubuta irinta ya nutsu. Wadin ɗin jama'a na farish, wato wanda jama'a suka zaɓa ya taya Bika kula da harkokin coci, wani tsohon hedimasta, shi ya nuna min yadda ake yi da na same shi a gida. Ya ce sunan Bika za a sa a matsayinsa na shugaban PCC, a biyo da ita ta hannun Malam ya sa hannu cewa ya gani, a rubuta kwanan wata, a faɗi abin da aka auna da abin da aka tarar da abin da ma'aji ya ce da bakinsa, shi ke nan. Ban da kalmar sata, ban da ɓarawo, ban da an ce an ce. Ya ce kuma a rubuta abin da muke roƙo a yi, don takardar da ba ta roƙi komai ba ƙorafi ne kawai. Mu abin da muka roƙa shi ne a binciki lissafin a kuma tsara mana yadda za a riƙa ajiya nan gaba. Da Hausa na rubuta, kuma an karɓa, kar wani ya tsorata ka da cewa sai da Turanci. Na kai garin da ake cin kasuwa aka buga min a kwamfuta a kan naira 500, na yi hoton takardar da na shafin littafin awo da na minit ɗin zamanmu, kwafi huɗu-huɗu, ɗaya na Bika, ɗaya na fayil ɗinmu, ɗaya nawa, ɗaya kuma na Baffa. Wannan na ƙarshen ya yi min nauyi a hannu sosai, amma hedimastan ya ce ba a kai ƙarar mutum a bayan idonsa, haƙƙinsa ne ya san abin da aka rubuta a kansa kafin a kira shi. Da kaina na kai masa na karanta masa. Kuɗin babur zuwa farish da dawowa ya kai naira 3,000 a lokacin saboda damina ce ana zagaye rafi, kuma ku sani daga aljihuna ya fito, sai daga baya kwamiti ya mayar min da na kawo lissafi a rubuce.

Sai jira. PCC ba kullum take zama ba, tana da ranarta, kuma takardarmu ta isa ne bayan an gama wani zaman, don haka sai na gaba. Makonnin nan sun yi min tsawo, in na shiga coci ɓangaren matasa na harara ta wai ina rufa wa ɗan'uwana asiri, in na koma gida matan gidanmu ba sa amsa gaisuwata da sakin fuska wai na kai ubana ƙara. A cikin wannan jiran ne wasu matasa uku suka haɗa kuɗin mota suka tafi ofishin dayosis da tasu takardar, suna so su ga Baba Bishop ido da ido. An karɓe su da mutunci, an ba su ruwa, amma limamin da ke kula da ofishin ya tambaye su ko Bika ya sani, ko Acidikin ya sani, da suka ce a'a sai ya ce takardar za ta koma gun Acidikin ɗin yankinmu, don shi ne idon Bishop a kan farish-farish ɗin da ke ƙarƙashinsa. Sun dawo sun kashe kuɗi, maganar kuma ta dawo inda ta taso, illa dai yanzu ta ƙara girma, kuma Baba Bika bai ji daɗi ba da ya ji labarin daga sama.

Bari in tsaya a nan in bayyana tsarin yadda aka bayyana min, don shi ne gishirin maganar. Reshe yana ƙarƙashin farish, Bika ke riƙe da farish. Farish da yawa su ke haɗuwa su zama yankin Acidikin, wanda muke kira Baba Benarabul. Yankunan nan su suka haɗa dayosis, Bishop ke shugabanta, amma shi ma ba shi kaɗai yake mulki ba, akwai Sinod inda limamai da wakilan jama'a ke zama tare da shi, akwai kuma Cansala, masanin shari'a ne da ke ba da shawara a kan dokokin ikkilisiya. A nan gurinmu akwai dayosis na Kano da aka kafa a 1980, da na Dutse da aka kafa a 1996 bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, da na Bari, dukkansu a ƙarƙashin lardin Kaduna, ɗaya daga larduna 14 na Cocin Najeriya. Ita Cocin Najeriya ta samu cin gashin kanta ne a 1979, kuma tun 2020 Akbishop Henry Ndukuba ne shugabanta. Wani abu kuma da ya bambanta mu da 'yan'uwanmu Baptis, mu ba jama'a ke ɗaukar limami ko sallamarsa ba, Bishop ne ke tura shi yake kuma canja masa guri. Don haka masu cewa za mu kori Malam ko mu kori Bika in bai yi mana yadda muke so ba, ba su fahimci gidan da suke ciki ba.

Ranar zaman PCC muka isa da sassafe ni da Malam da Baffa, a babur biyu. A ajin makarantar Lahadi aka zauna, Bika a gaba da teburi, wadin ɗinsa da ya naɗa a dama, wadin ɗin jama'a da aka zaɓa a hagu, sai ma'aji da sakatare da wakilan rassa da na zumuntar iyaye mata da na matasa. An buɗe da addu'a, aka karanta minit ɗin baya aka amince da shi, aka bi ajanda ɗaya bayan ɗaya, tamu tana can kusa da ƙarshe, mu da ba 'yan majalisar ba muna waje a kan benci har rana ta take. Da aka kira mu sakatare ya karanta takardar a fili. Abin da ya burge ni shi ne ba mai magana sai ya ɗaga hannu an ba shi dama, kuma in za ka yi magana Bika kake fuskanta ba wanda kuke jayayya da shi ba, ka ce ranka ya daɗe shugaba, sannan ka faɗi taka. Wannan kaɗai ya kashe rabin wutar. An ba Baffa kujera aka ce ya yi bayani a zaune saboda shekarunsa, ba wanda ya katse shi. Ni ma aka tambaye ni, na faɗi abin da ke littafi, muryata na rawa. Ba a yanke hukunci ranar ba, kwamitin mutum uku aka kafa, wadin ɗin jama'a da wata uwa daga zumunta da mai binciken kuɗi na farish, aka ce su zo ƙauyenmu su tantance.

Sun zo kuwa, kuma uwar nan ita ta yi aikin da mu maza ba za mu iya ba. Gida-gida ta bi ta shiga har cikin ɗaki gun mata, ba tare da tara jama'a ba, don wanda ya ci bashin abinci kunya ce ke damunsa ba taurin kai ba. Baffa ya zauna ya lissafo sunaye daga kansa ni ina rubutawa, ita kuma tana tabbatarwa. Kusan duka suka amsa, har maƙwabcin nan Musulmi da kansa ya zo ya ce tiya goma ya karɓa kuma zai biya da kaka. Da aka haɗa lissafi saura kaɗan ne bai fito ba, wajen buhu ɗaya, wanda aka danganta da ɓarnar ƙwari da ɓera don siton ba a sa masa magani ba. Abincin baƙin da man baburansu cocinmu ne ya ɗauka, wannan ma a sa shi a lissafi tun farko.

Saboda takardar da matasan suka kai sama, Baba Benarabul ya ce shi zai zo da kansa a rufe maganar. Ya zo ran Asabar tare da Bika, aka tara kwamiti da dattawa da shugabannin matasa kawai, ba duk coci ba. Ya fara da karanta 1 Timoti 5:1, inda aka ce kada a tsauta wa dattijo da kakkausar murya, a roƙe shi kamar uba. Sai ya juya gun Baffa ya ce, Baba, zuciyarka mai kyau ce, amma da ka faɗa wa kwamiti da yau yabonka ake yi, abin ikkilisiya ko allura ne mutum ɗaya ba ya bayar da shi. Ya juya gun matasa ya ce tambayar da kuka yi daidai ce, haƙƙinku ne ku san inda kowace tiya ta tafi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma zagin da aka yi a cikin ɗakin Allah sai an janye shi. Shugaban matasa ya taso ya durƙusa gaban Baffa ya ce Baba ka yafe min. Baffa ya dafa kansa, sannan ya zaro makullin daga aljihun rigarsa, yana ɗaure da wani tsohon zare baƙi, ya ajiye a kan teburi da kansa kafin kowa ya nema. Ni dai hawaye ne suka zubo min ban iya ɓoyewa ba. Hukuncin shi ne kowa ya biya abin da ya karɓa da kaka, tiya da tiya ba ƙari, sito ya zama da kwaɗo biyu makullai a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta mutum biyu su sa hannu, kuɗin sayarwa ya shiga asusun banki ba ƙarƙashin katifa ba, kuma a ware wani kaso na hatsin tun daga kaka domin taimakon mabukata a damina, a hannun zumuntar mata. Ba a dakatar da Baffa daga cin Jibi ba, ba a kuma sanar da sunayen masu bashi a bagade ba.

Matakin ƙarshe shi ne taron Bestiri, wanda ake yi sau ɗaya a shekara. Mutane da yawa suna ɗauka taron manya ne suna tafiya gida bayan sujada, alhali nan ne talakan coci yake da murya. A nan ake karanta rahoton kuɗi na shekara da mai bincike ya duba, kowa na da damar tambaya, a nan ake zaɓen wadin ɗin jama'a da 'yan PCC, in lokacinsa ya zagayo kuma da wakilan Sinod. A gurinmu wanda Bishop ya ɗora wa hannu, wato ya tabbatar da shi a matsayin cikakken ɗan ikkilisiya, yake cin Jibi, sunansa kuma yake rajista, shi ke zaɓe a kuma zaɓe shi, don haka ku adana katin baftisma da na ɗora hannu, na ga matashin da aka so tsayarwa amma aka rasa shaidarsa. An karanta maganar hatsinmu a layi biyu kacal, an warware, ana biya. Aka zaɓi sabon ma'aji, Baffa kuma aka bar shi cikin dattawa masu ba da shawara.

Abin da zan ce wa wanda ya samu kansa a irin wannan, ka fara da mutumin kafin kowa ya ji, kuma in ya girme ka ka je masa a matsayin ɗa, wannan ba ya hana ka faɗin gaskiyar lissafi. Kar ka bari maganar ta shiga WhatsApp, mu tsiraru ne a garuruwanmu, maƙwabta na kallon yadda muke riƙe junanmu, kuma abin da aka tura ba ya gogewa ko an shirya. Ka rubuta komai ranar da ya faru, don littafin awon nan mai bangon kwali shi ya hana a ce ƙage ne, shi ya kuma wanke Baffa daga zargin sata. Ka tambayi ranar zaman PCC kafin ka kai takarda, ka kai ta da wuri ta shiga ajanda, ka sa a buga maka hatimi ko a sa hannu a kwafinka cewa an karɓa. In abin da ke damunka shi Bikan kansa ne, to a nan ne takardarka za ta tafi gun Acidikin kai tsaye, amma shi ma Bikan a ba shi kwafi. Ga dattawanmu kuma ina roƙo da girmamawa, in yaro ya tambayi lissafi kada a ce masa rashin kunya ne, a buɗe masa littafi ya gani. Mu yanzu duk ƙarshen wata ma'aji ke tashi bayan sanarwa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, takardar kuma a manna ta a bayan ƙofar coci har wata ya zagayo.